Siyasa ta lalace, kada zumunci ya bi ta: shawarwari daga zaman Aboabo

Malamai, 'yan kasuwa da shugabannin mata da suka tattauna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, sun fi daɗewa a kan kuɗin da 'yan siyasa ke kawowa masallatai da ƙungiyoyi. Shawararsu ita ce mutum biyu su karɓa, a rubuta adadin a littafi, a sanar bayan sallar Juma'a. Kuɗin da aka miƙa wa mutum ɗaya cikin dare shi ke haifar da zargi, ko da mai karɓar amintacce ne.

Rabon shinkafa da sukari na azumi kuwa, a rubuta sunayen marayu, zawarawa da tsofaffi tun kafin kayan su iso. In aka bari sai buhuna sun sauka, 'yan jam'iyya ne za su cika layi, mabukaci ya koma gida hannu rabbana.

Ba a yarda a ƙaurace wa suna ko jana'iza don wane ɗan jam'iyyar NDC ne ko NPP ba. Wannan ko gardama ba a yi ba.

Yin haƙuri da mutum ba ya nufin rufe ɓarna. Wanda ke da hujja (rasit, kwanan wata, sunan aikin da aka biya ba a yi ba) ya kai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da binciken ƙorafi kan jami'an gwamnati, ko ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, kada ya zagi iyayen kowa a WhatsApp.

An kuma gargaɗi samari cewa bangar siyasa laifi ce tun dokar 2019, wadda ta biyo bayan rikicin zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon a Accra. Mai ɗaukarsu aikin ba kasafai yake zuwa beli ba.