Ajin wasan barkwanci na Turanci a Amstadam: in biya ko in haƙura?

Uwar Ilham: Salamu alaikum. Wata takwas ke nan ina Amstadam, Turancina a takarda lafiya lau, amma in aka zo taro a ofis bakina sai ya ɗaure. An ce in shiga ajin wasan da ake ƙagowa nan take, ba rubutu ba hadda. Yuro 250 na mako takwas, daren Talata. Ba ni da mai riƙe min yarinya. Wa ya taɓa shiga?

Ɗan Damagaram: Ki je ki kalli Boom Chicago tukuna, ƙungiyar irin wannan wasan ce a Amstadam. Amurkawa suka kafa ta a 1993, taurarin Amurka su Seth Meyers da Jordan Peele duk sun yi wasa a can. Salon a Chicago ya bunƙasa, musamman a gidan wasa na Second City da aka buɗe a 1959. Dokar ɗaya ce: abin da abokin wasa ya kawo, ki ce "eh", ki ɗora.

Uwar Ilham: Na gode yaya, amma maganar yarinyar fa?

Baban Khalil: Ƙanwata, ji nawa. Na shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa kai, ba zan kama suna ba. Kuɗin rajista na biya, wata uku ina bin jirgin ƙasa cikin hunturu, takalmi a jiƙe. Ranar rabon matsayi aka ba ni mai gadi, jimla biyu kacal. Wasa na biyu, direban tasi. Har darektar ta ce in "ƙara harshen Afirka". Ni da na koyar da adabi shekara tara! A ƙarshe ni na kwashe kujeru.

Hajiya Rotadam: Wannan wasan hadda ne, ita na nan take ta tambaya. Kuma 250 ya yi yawa, ni 120 na biya.

Ɗan Damagaram: Hajiya, wannan kafin korona ne. Na ga na 300 ma.

Hajiya Rotadam: Kai da kallo kawai kake zuwa? Bari waɗanda suka hau dandamali su yi magana.

Na'Allah: Mu da muka yi tashe da gemun auduga kyauta, yau za a saya mana shi da yuro 😂

Malam Brasel: Kada a yi musu kuɗin goro. Nan Brasel akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta English Comedy Club tun 1909, 'yan sa kai ne. Abin da ke damuna kawai, ana tashi daga gwaji sai mashaya, a can ake ƙulla zumuncin. Kai kana riƙe da lemo kana duba lokacin Isha.

Baban Khalil: Ai ko a ofis haka ne. Walimar yammacin Juma'a in ba ka je ba, Litinin ka tarar an gama raba aiki.

Hajiya Rotadam: Wallahi! Bara da azumi ma...

Uwar Ilham: Jama'a, rajista jibi za a rufe.