Ƙaramin injin yankan itace na hawa bishiya: a taimaka da abin da aka gani a wajen aiki

Garba Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Mangwaro da darbejiya sun miƙa rassa har kan rufin kwano, gatari kuma yage ɓawo yake yi, ya bar bishiya da rauni. Ana ta yabon ƙaramin injin nan mai mariƙi a sama wanda ake hawa da shi. Masu aiki da shi, wanne ya fi, kuma ina yake ba da matsala?

Isyaku Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Nauyi za ka fara dubawa, don a sama kowane rabin kilo sai kafaɗa ta ji shi. Echo CS-2511T kilo 2.3 ne, Stihl MS 194 T kilo 3.3, MS 201 T kuma 3.7, duk kafin a sa mai da sarƙa. Ga askin rassa irin naka, ƙarfen sarƙa mai inci 12 ya wadatar. Wanda ya cika kasuwa shi ne ɗan Sin mai cc 25. Yana aiki, amma igiyar tayarwa da famfon man sarƙa ba sa jimawa, ka sayi na canji tun ranar farko.

Haɗin mai shi ne rayuwar injin. Stihl 50:1 yake so, wato mililita 20 na man 2T mai kyau a litar fetur ɗaya, mililita 100 a lita biyar. Yawancin 'yan Sin 25:1 aka rubuta musu, mililita 40 a lita. A auna da sirinji, ba da murfin gora ba. Man 2T ya yi kaɗan, fistin ya kama. Ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. Kuma a guji fetur na bumburutu, in da ruwa ko kananzir a ciki kafireto ne zai fara kokawa. Haɗin da ya haura wata ɗaya a jarka, a haɗa sabo.

Ɗanlami Mahayi:
Oga Isyaku ya gama da inji, ni bari in taɓa yankan. Reshe mai nauyi ba a sare shi da yanka ɗaya. In ka fara daga sama dab da jikin bishiya, kafin ka kai ƙarshe nauyinsa zai karya shi, ya tafi da ɓawo kamar an feɗe akuya, wani lokaci har tsawon hannu. Mangwaro ya fi kowa wannan hali.

Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasan reshen, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, ka shiga kashi ɗaya bisa uku na kaurinsa ka tsaya. In ka zarce, reshen zai sauko ya danne ƙarfen, injin ya maƙale. Na biyu daga sama, yatsu biyu ko uku gaba da na farko ta wajen ganye. Nan reshen zai ɓalle, yagewar kuma ta tsaya a yankan ƙasa. Saura guntun dungu, shi ne yanka na uku. Ka duba gindin reshen, akwai wani kumburi kamar zobe inda ya haɗu da uwar bishiya. Gaban zoben kaɗan za ka yanke, ka bar shi a jikinta, domin daga nan sabon ɓawo yake tasowa ya rufe ciwon. Wanda ya aske shi daidai da jiki don wajen ya yi kyau a ido ya buɗe wa ruɓa da gara ƙofa, wanda kuma ya bar dungu mai tsawo, dungun zai bushe ya kai ruɓar ciki.

Na kan rufin kwanon nan kada a bar shi ya faɗi da kansa. A ɗaure shi da igiya ta daban, a ratsa ta kan wani reshe mai ƙarfi a sama, na ƙasa ya naɗe ta a jikin wata bishiya ya riƙa saki a hankali, a sauke shi gunduwa-gunduwa.

Baba Audu:
Yara, rashin nauyin nan da kuke yabo shi ne tarkonsa. Saboda mariƙin yana sama, hannu ɗaya na iya ɗaukarsa, sai mutum ya kama reshe da hagu ya yanka da dama. Hannun hagun nan shi sarƙa take ci. Hannu biyu a kan inji, babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba. In ka ga sai ka riƙe wani abu kafin ka tsaya, to zamanka ne bai daidaita ba, gyara igiya tukuna.

Ɗauri biyu kafin a ja totur: babbar igiyar hawa daga sama, da gajeriya mai waya a ciki da ta zagaye bishiya daga ɗamararka. In sarƙa ta taɓa ɗaya, ɗayar ta riƙe ka. Saman hancin ƙarfen kuma kada ya taɓa komai. Da ya taɓi wani reshe a bayan wanda kake yanka, injin zai yi tsalle ya nufo fuska, ba ka ko ƙifta ido ba. Shi ya sa ake yanka a gefen jiki, ba a saitin fuska ba, ba kuma sama da kafaɗa ba.

A tayar da shi a ƙasa ya yi ɗumi, a gwada birkin sarƙa, a kashe, sannan a jawo shi sama da igiya. Hular kwano mai igiyar haɓa, tabarau, abin toshe kunne. Tsani da silifa ba kayan wannan aiki ba ne.

Nura Kafinta:
Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tana kwanciya a tsagin ɓawon darbejiya da maɗaci, ta dakushe sarƙa kafin tanki biyu. Alamar a garin katako take: sarƙa mai kaifi ɓarzajje take fitarwa kamar tsakin masara, in ya koma laushi kamar gari, a tsaya a wasa. Kowace sarƙa da lambar girmanta: sarƙar 3/8 ƙarama magagari mai kaurin milimita 4 take so, ta 1/4 ƙarama kuma 3.2, a kan kusurwar digiri 30, kowane haƙori shafa iri ɗaya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya cin magagari, yankan zai riƙa karkacewa. Matatar iska kullum da yamma a wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar.
Man sarƙa kuwa, baƙin mai na mota ma yana yi, ga araha.

Isyaku Bakanike:
A'a Nura, nan kam ban bi ka ba. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfe, shi ke cinye famfon, ga shi ba ya kama sarƙa, fallatsa kawai yake yi a kan ganye da 'ya'yan itace. In ba a samu na sarƙa ba, gara sabon man inji. Gwajin mai sauƙi ne: ka saita hancin kusa da farin kwali ka ja totur, in siririn layin mai bai fito ba, ramin mai ya toshe. Sarƙa kuma tana saki in ta yi zafi. Wanda ya ɗaure ta da zafi ya sassauta bayan an tashi, in ba haka ba tana hucewa za ta ja ta matse.

Hamza Mai Mangwaro:
Malam Garba, mangwaro ana gama tsinke 'ya'ya ake yi masa aski, don sabon tohon ya samu damina. Kada a cire fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ganyensa a shekara guda. Ruwansa yana ƙona fata, a sa riga mai dogon hannu. Kafin hawa a tsaya a ƙasa a kalli bishiyar sosai, in ƙudan zuma na shiga wani kogo, ƙarar inji za ta tayar da su, mutum kuma yana ɗaure. Reshen da ya kusanci wayar lantarki, sai an kashe layin.

Garba Mai Lambu:
Allah ya saka da alheri. In ya maƙale a cikin reshe ina sama fa?

Ɗanlami Mahayi:
Kashe shi nan take, kada ka fizga. Ka kwance igiyarsa daga ɗamararka ka ɗaure ta a jikin bishiya, ta ɓangaren da ba zai faɗi ba, don in reshen ya tafi da injin kada ya tafi da kai. Sai ka ɗaga reshen da hannu ko na ƙasa ya ja shi da igiya tsagin ya buɗe. In ya ƙi, zarton hannu za ka sa ka rage masa nauyi daga can wajen ganye, aƙalla santimita 30 gaba da inda ya maƙale. Saboda haka zarton hannu ba ya barin ƙugu, rassan da ba su wuce kaurin wuyan hannu ba ma da shi ake yanke su, ba sai an tayar da inji ba.