Me ya kai bankunan Turai da Amurka harkar kuɗi ta Musulunci?

Mai Kanti:
Assalamu alaikum. Na sha jin cewa dukiyar da ke cikin harkar kuɗi ta Musulunci a duniya ta haura dala tiriliyan 3, kuma manyan bankuna irin su HSBC da Standard Chartered suna da sassan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bankin da ya yi shekara fiye da ɗari yana cin kuɗin ruwa, me ya hango a nan, kuma yaya za a yi mutum ya saki jiki da shi?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kasuwa suka hango, kuma ba yau suka fara ba. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, kuɗi ya taru a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, aka kafa Dubai Islamic Bank da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na Jidda a 1975, masu dukiya da yawa kuma suka nuna ba sa son ajiyar da ke haifar da kuɗin ruwa. Citibank ya buɗe bankinsa na Musulunci a Bahrain a 1996, HSBC ya kafa sashensa na Musulunci mai suna Amanah a 1998.

Birtaniya ce ta fi kowa dagewa. A da, idan banki ya sayi gida sannan ya sayar wa mutum da ribar da aka yi yarjejeniya a kai, wato murabaha, sai a biya harajin sayen gida sau biyu, domin cinikin biyu ne a idon hukuma. A 2003 gwamnati ta cire wannan cikas. A 2014 kuma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari da ba su da kuɗin ruwa, na fam miliyan 200, masu neman saye suka kawo tayin da ya ninka hakan fiye da sau goma, abin da ya nuna cewa kuɗin yana nan, wurin zuba shi ne ya yi ƙaranci.

Hajiyar Lissafi:
Baba Akawu ya faɗi gaskiya, amma akwai ɓangaren da bai taɓo ba. A 2012 HSBC ɗin nan ya rufe hidimar Amanah ta ɗaiɗaikun mutane a Birtaniya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe, ya tattara ƙarfinsa a Malesiya da Saudiyya. Kula da ƙananan masu ajiya yana da tsada, domin sai an ware asusu, an biya kwamitin malamai, an horar da ma'aikata, sannan a yi gogayya da bankunan gida waɗanda jama'a suka fi yarda da su. Ko Islamic Bank of Britain, wanda aka kafa a 2004, ya yi shekaru yana asara kafin Masraf Al Rayan na Katar ya saye shi a 2014.

A ganina, abincin bankunan Yamma yana wurin manyan ciniki: tsara wa gwamnatoci da kamfanoni takardun sukuk, nemo musu masu saye a Landan da Dubai da Kuala Lumpur, da karɓar ladan wannan dillanci. Nan ne suke da ƙwarewa da hanyoyin da ƙananan bankunan Musulunci ba su da su.

Almajirin Fiƙihu:
Game da sakin jiki, Malam Mai Kanti, malamai da dama sun halatta mu'amala da irin wannan sashe matuƙar an raba kuɗinsa da na uwar bankin kuma akwai malaman da ke sa ido, domin abin dubawa shi ne yarjejeniyar, ba addinin mai bankin ba. Sai dai yarjejeniyar ce take yawan jawo magana. A 2007 Shaihi Muhammad Taƙi Usmani, shugaban majalisar malamai ta AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci a Bahrain, ya ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sukuk ɗin da ba na ijara (wato haya) ba sun saɓa wa ƙa'ida, saboda ana yi wa mai saye alkawarin mayar masa da uwar kuɗinsa ko da an yi asara. A 2009 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta tawarruƙin da banki ke shiryawa da kansa, inda ake saye da sayar da ƙarafa a takarda kawai don mutum ya sami tsabar kuɗi. Bankin Goldman Sachs na Amurka ma ya shirya sukuk na dala biliyan 2 a 2011, suka ta yi yawa har aka jingine shi, sai a 2014 ya dawo da wani tsari na dala miliyan 500.

Mai Kanti:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya, wata tambaya ta taso mini: sukuk na naira biliyan 100 da gwamnatin Najeriya ta fitar a 2017 don gyaran hanyoyi, wane iri ne a cikin waɗannan?

Hajiyar Lissafi:
Na ijara ne, Malam, wato masu saye sun riƙa karɓar kuɗin haya daga gwamnati duk bayan wata shida har tsawon shekara bakwai, zuwa 2024, don haka ba ya cikin rukunin da Shaihi Usmani ya yi magana a kai.