Rusa wa abokin karta fili: gwaninta ce ko mugunta?

Ɗan Fagge: Jama'a, ga maganata, wanda zai ji haushi ya ji. A wasan karta na Magic: The Gathering, duk wanda ya cika ƙunshinsa da katunan rusa fili ba gwani ba ne, mai hana ruwa gudu ne. Shi fili wani irin kati ne, ɗaya tak ake ajiyewa a kowane zagaye, kuma da filayen kake biyan kuɗin duk katin da za ka buga. Sai mutum ya sako katin Stone Rain a zagaye na 3 ya ɗauke maka ɗaya, na 4 ya ƙara. Hannunka cike da kati, ba halin sauke ko guda. Wannan wasa ne?

Mai Shayi: Yaya, yi lissafi mana. Stone Rain sai ka biya da fili 3 kafin ya kashe 1, kuma a wannan zagayen mai shi bai ajiye mayaƙi ba. In ka riga ka sauke ɗan ƙaramin mayaƙi mai arha, kai kana duka, shi yana fama da ƙasa. In wasa ya yi nisa kuwa, ka tara fili 7, katin nan ya zama kwali a hannunsa.

Ɗan Fagge: To in ba shi da illa, me ya sa aka haramta katin Strip Mine a tsarin gasa na Legacy, a na Vintage kuma guda ɗaya aka yarda ka sa?

Malamar Lissafi: Don araha ne, ƙanena. Strip Mine na 1994 shi kansa fili ne, ba ka biyan komai, ka sadaukar da shi ya tafi da kowane irin fili. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya fito da Wasteland, aiki iri ɗaya, amma ba ya taɓa filayen asali, sai na musamman. Shi har yau ana sa guda 4 a Legacy. Wa yake ci? Mai haɗamar da ya haɗa launi 4 a ƙunshi ɗaya da filaye masu tsada. Katin Blood Moon ma su yake takurawa, yana mayar da filayensu na musamman na launi ɗaya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Direban Keke: Ni ban ga abin kuka ba. A wot ma muna danna wa juna pik tu, mu tsallake mutum, a yi dariya a wuce.

Ɗan Fagge: Malam, pik tu zagaye ɗaya ne ka farfaɗo. Katin Winter Orb in ya zauna a tebur, cikin filayen da ka yi amfani da su ɗaya kawai yake dawo maka kowane zagaye, har sai an cire shi. A wasan karta na Yu-Gi-Oh ma ai sai da aka haramta Yata-Garasu a 2004, tsuntsun da ke hana ka jan kati.

Malamar Lissafi: Nan ka fara magana, amma laifin na mai jan lokaci ne. 'Yan wasan 1996 sai sun sauke mayaƙin aljani Erhnam Djinn tukuna, sannan su buga Armageddon ya share filayen kowa, har nasu. Aljanin yana cin rai 4 a bugu, kai kana da 20, bugu 5 an tashi. Wanda nake ƙi shi ne na teburin Commander, tsarin wasa na mutum 4, kowa da rai 40, ya buga Armageddon ba shi da komai a gabansa. Ya mayar da kowa farko, a ƙara awa guda ana jan kati ana hamma. Shi ya sa da aka kasa teburan Commander matakai 5 a 2025, aka ce share filaye sai a mataki na 4 da na 5.

Mai Shayi: Wato ba a hana ba, an ce dai ka faɗa kafin a raba kati.

Ɗan Fagge: An ji, Malama. Amma a teburina mataki na 3 muke, Mai Shayi. Ranar Asabar ka bar Armageddon ɗinka a gida, ka zo da shayin kawai.