Duba kod ta atomatik a GitHub Actions: daga ina za mu fara?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a Garwa, muna kula da wata manhaja ta lissafin kayan shago wadda aka rubuta da Laravel, wato wani tsarin gina manhaja da harshen PHP, shekaru uku da suka wuce. A makon jiya na saka PHPStan, manhajar da ke gano kurakurai a kod ɗin PHP, cikin GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da ayyuka da kansa, domin ya riƙa duba kod duk lokacin da wani ya nemi haɗa reshensa, wato kwafin kod ɗin da yake aiki a kai, da babban reshe, sai ya zubo mana kurakurai ɗaruruwa, kowace buƙatar haɗewa ta koma ja, alamar ba ta wuce binciken ba, har abokan aikina suka daina kallon sakamakon. Mu cire shi ne, ko akwai hanyar da ta fi?

Malama daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka cire shi. Kuskurenka kawai shi ne ka ɗora wa aikin yau alhakin tsohon kod. PHPStan yana da umarnin `--generate-baseline`, wanda ke tattara dukkan kurakuran da ke akwai yanzu cikin fayil mai suna phpstan-baseline.neon, idan ka haɗa fayil ɗin da saitinka, daga ranar ba zai koka ba sai a kan sabon kuskure. Tsofaffin suna nan a rubuce, kuna rage su sannu a hankali duk lokacin da aiki ya bi ta kansu. Sannan ka duba matakin da ka zaɓa, domin matakan sun fara daga 0, kuma kowane mataki na sama ya fi na ƙasa tsanani. Ka fara daga ƙasa, ka kuma saka Larastan, wato ƙarin da ke sa PHPStan ya fahimci Laravel, don yawancin koken da kake gani a kan Eloquent, ɓangaren Laravel mai hulɗa da rumbun bayanai, sun samo asali ne daga rashin fahimtar da PHPStan shi kaɗai yake yi wa dabarun Laravel.

Injiniya, Njamena:
Malama ta gama magana kan wannan. Abin da zan ƙara shi ne jeri: fara da `pint --test`, umarnin Pint, manhajar Laravel mai duba tsarin rubutun kod, sai PHPStan, sai gwaje-gwaje a ƙarshe, saboda abin da ya fi sauri ya kamata ya fara faɗuwa. Asusun kyauta na GitHub yana ba da minti 2,000 ne na gudanar da Actions a wata ga ma'ajiyar da ba ta jama'a ba, saboda haka ka adana kayan Composer, wato ƙunshin kod na waje da manhajarku ta dogara da su, a ma'ajiyar wucin gadi, kada a sauke su sabo kowane karo. Ni kam na fi son a gudanar da Pint a kwamfutar mai rubutu kafin ya tura, musamman a nan inda intanet kan yanke ana tsakiyar aiki.

Ɗan Garwa:
Na gode, Yaya Malama, na gode Injiniya. Saura abu ɗaya: ta yaya zan hana a haɗa reshe alhali alamar tana ja?

Malama daga Marwa:
Ana yin haka da dokar kariyar reshe, inda za ka wajabta cewa sai binciken ya wuce kafin haɗewa. Amma a ma'ajiyar sirri, GitHub ba ya ba asusun kyauta wannan dama, sai mai biyan kuɗi. Idan ba ku shirya biya ba, ku huɗu ne kawai, ku yi alkawari tsakaninku cewa wanda ya rubuta kod ba shi ne zai danna haɗewa ba.