Wane jigi da tirela zan saya don kama kifin bas a cikin ciyawa?

Ɗan Yauri a Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A bakin kogin Neja na tashi, tun ina ɗan shekara bakwai nake jefa fatsa da tana, don haka na ɗauka babu wanda zai koya mini kama kifi. To, Amurka ta nuna mini iyakata. Wani abokin aikina mai ɗan jirgi ya kai ni tafkin Sam Rayburn har sau biyu, tafiyar kusan awa uku daga nan, neman kifin nan mai wagegen baki da suke kira bas. Shi ba ya sa ƙoto mai rai, sai wani abu wai shi jigi: ƙugiya ce aka zuba mata dalma a ka, aka ɗaura mata gezar roba, sannan a soka wata roba mai laushi a bayanta, ita ce tirela.

Na shiga shago na sayi guda uku masu faɗin kai kamar ƙwallon Amurkawa, kowane nauyinsa rabin oza a ma'aunin Amurka, da tirela mai manyan hannuwa. Duk jifa sai in janyo ciyawa kamar mai yi wa akuya yanka. Mutumin nan ya kama shida ina kallo, ya mayar da su ruwa duka, abin da har yau ban gane ba. Kunya kuma ta hana ni yawan tambaya. Ciyawar tafkin wata iri ce da ke tsirowa a cikin ruwa, wai ita haidirila. Wani wuri ruwa ya rufe ta da kamar ƙafa biyu, wani wuri ta taso ta shimfiɗu kamar tabarma. Asabar ta sama za mu koma, dala 60 na ware. Me zan saya?

Direba daga Maraɗi:
Wallahi da na ga bas da tirela na ɗauka mota za a sayar, har na fara lissafin kuɗin kwastan. Ashe kifi ne. Allah ya ba da sa'a, mu 'yan kallo ne.

Yayanku na Alabama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba hannunka ba ne ya gaza, kayan ne ba na wurin ba. Jigi mai faɗin kai an yi shi ne don a ja shi a kan dutse da tsakuwa kada ya kife. Ka sa shi a ciyawa kuwa, ka jefa manjagara. Ka ajiye su, ranarsu na zuwa.

Ni kusa da tafkin Guntersville nake, kuma ciyawarmu irin taku ce. Inda ka ce ruwa ya rufe ciyawa da ƙafa biyu, jigin iyo ake sawa. Za ka gane shi da tsinin kai kamar harsashi, kuma idon da ake ɗaura zare yana can kan hancinsa, don haka ciyawa zamewa take yi ba ta samun wurin kamawa. Ka ɗauki 3/8 na oza, wajen giram 10 ke nan, guda biyu. Ka ƙara da 1/4 guda ɗaya saboda inda ciyawar ta kusa taɓo sama. Shi ba a barinsa ya kwanta a ƙasa. Yana faɗawa ruwa ka fara naɗi, ka ɗaga kan sandar sama kana ɗan karkaɗa ta, gezar tana buɗewa tana rufewa. Har suna aka sa wa wannan, girgizar Alabama. Ka bar shi yana shafar kan ciyawar, in ka ji ya ɗan maƙale ka fizge da ƙarfi. Yawancin kifin da na kama a daidai wannan fizgar suka cafka.

Tirela kuwa mutane suna zaɓenta don kyan gani, alhali aikinta shi ne ta ƙayyade yadda jigi ke nutsewa. Mai faɗi, mai hannuwa masu kaɗawa irin Rage Craw, tana riƙe shi a sama, sai ka iya ja a hankali bai shige ciyawa ba. Siririya mai jela kamar filafili, irin Keitech mai inci uku da rabi zuwa huɗu, tana barinsa ya ƙara yin ƙasa, ga shi kuma ta fi kama da ɗan kifi. Jigi ɗaya, ka canza tirela, kamar ka sayi wani sabo ne. Saboda haka wadda ka saya ba asara ba ce, a jigin da bai dace ba ka sa ta. Yanzu da zafi kifi yana da kuzari, mai motsi yake so. In hunturu ya shiga, ruwa ya sauka ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salsiyas, sai ka koma mai lafawa da ba ta yawan rawa.

Launi kada ya cinye maka kuɗi. Fari idan ka ga ƙananan kifaye masu ƙyalli suna tsalle, kore mai ruwan ƙasa idan ruwan garau ne, baƙi da shuɗi idan ya gurɓata ko gari bai gama wayewa ba. Shi ke nan. Sauran launuka ɗari da ke rataye a shago masunta suke kamawa.

Ka soka tirelar ta miƙe sak. In ta karkace jigin zai riƙa juyawa gefe. Ɗigon Super Glue ɗaya a wuyanta yana sa jaka ɗaya ta yi maka wata guda.

Mai jirgi a Okeechobee:
Yaya ya faɗi gaskiya, amma rabin ruwan ya yi wa magana. Yaron nan ya ce akwai inda ciyawa ta zama tabarma, kuma da rana ta take, manyan suna ƙarƙashin tabarmar nan, a inuwa. Jigin iyo ba zai kai musu ba ko ya kwana yana jifa. Mu a Filorida huda ta muke yi. A nan ma ni ba na sa jigi na gaske, don tsintsiyar da ke kare bakin ƙugiya ita kanta tana riƙe ciyawa. Nauyi mai tsini ake zurawa a zare, oza ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tokare shi da ɗan roba kada ya zame, sai miƙaƙƙiyar ƙugiya lamba 4/0, a ɓoye bakinta cikin jikin tirelar. Nauyin na ƙarfen tongistin ya fi, don ya fi dalma nauyi a ƙaramin jiki, sai dai tsada. Tirelar nan kuma akasin wadda Yaya ya faɗa ce: dunƙulalliya marar hannuwa masu baɗo-baɗo, irin Sweet Beaver, wadda za ta bi nauyin ta shige ramin da ya huda. Yana faɗawa ƙasa ka ɗaga sau biyu, ba ka ji komai ba ka ciro ka matsa gaba.

Kuma duk ba ku tambaye shi zaren da ke hannunsa ba.

Ɗan Yauri a Houston:
Farin zaren roba ne, an rubuta laba 12, wato nauyin da yake iya ɗauka.

Mai jirgi a Okeechobee:
To ga inda rabin kuɗinka zai tafi. Wannan talewa yake yi, kifi ya naɗe ciyawa ya bar ka da salati. Ka sayi zaren kitso, wanda aka kitsa da siraran zaruruwa, mai laba 50; yana yanka ciyawa kamar reza, zai kuma yi maka aikin biyu. Idan sandarka mai laushi ce ka manta da huda tabarma a wannan karon, aikin sanda mai tauri ne da ta haura ƙafa bakwai.

Baba na Nguru:
Yarana, ni ban san jigi ba, amma na san ciyawa. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya canza hali a wajenmu, kachalla ta toshe hanyoyi, da ita muke kwana muke tashi. Kifin da ke cin 'yan uwansa, ko giwan ruwa ne ko wannan naku, ba ya zama a tsakiyar duhu haka kawai. Baki-baki yake laɓewa, kansa na kallon fili. Ka nemi inda ciyawa ta yi lungu, ko inda iri biyu suka haɗu, kamar bado ya gamu da wata. Ciyawar da ta yi ja ta fara ruɓa ka wuce ta, ruwanta ba iska. Kuma ɗan Yauri, kunyar me? Wanda ya kama shida a gabanka ai malaminka ne. Ka buɗe baki.

Hajiya ta Dallas:
Baba ya gama magana. Ni abu biyu zan ƙara, don maigidana ma ya kamu da wannan ciwo. Na farko, ka riƙa karanta jikin jaka. Tirela ta asali da fatar alade ake yin ta, kamfanin Uncle Josh ya fara tun shekarun 1920, a ɗan kwalba take zuwa cikin ruwan gishiri. Ko a na roba ma akwai masu dafa ta da kitsen alade don ƙamshi, kuma suna rubutawa. Ga masu gishiri zalla ko tafarnuwa nan birjik.

Na biyu, maganar mayar da kifi ruwa. Al'adarsu ce, amma doka ba ta hana ka ci ba. Da lasisinka, a Teksas biyar ake yarda ka ɗauka a rana, kuma kowane ya kai inci 14. Wasu tafkunan suna da nasu ƙa'idar, ka duba kafin ka fita. Sai dai hukumar lafiya ta jihar ta yi gargaɗi kan zaiba a jikin manyan bas na Rayburn, musamman ga masu juna biyu da yara. In za ka kai wa iyali, matsakaita za ka zaɓa. Kuma ku tsince ciyawar da ta maƙale a jirgi kafin ku bar bakin ruwa, ana cin tara a kanta. Ita kanta haidirilar baƙuwa ce daga Asiya, masu kiwon kifin ado suka shigo da ita.

Ɗan Yauri a Houston:
Na dawo da rahoto. Zaren kitso na saya, da jigin iyo biyu, fari da baƙi mai shuɗi, da jakar siririyar tirela ɗaya. Huda tabarma sai na samu sanda mai tauri. Da sassafe farin bai yi komai ba. Wajen ƙarfe tara na sa baƙin da tsohuwar tirelata mai hannuwa, a wani lungu inda bado ya haɗu da haidirila, daidai yadda Baba ya kwatanta. Ya maƙale, na fizga, sai na ji an fizge ni. Inci 17. Na ƙara ɗaya ƙarami, ɗaya kuma ya tsinke a gefen jirgi saboda ɗaurina bai yi ba, zaren nan santsi gare shi. Na tambayi mutumin, ya koya mini wani ɗauri wai shi Palomar, ya ce tun zuwan farko ya ga jigin da nake sawa amma ya ji nauyin faɗa mini.

Direba daga Maraɗi:
To bas ɗin, an soya ko an sake shi?

Ɗan Yauri a Houston:
Babban na mayar ruwa, mutumin yana kallona. Na biyun ya kai inci 14 da ɗan ɗoriya, yana cikin tukunya yanzu haka.