Abin da muka tattara kan ƙullutun tsutsa a naman shanu

Maganar da muka yi da mahauta da likitoci kan ƙullutun da ake gani a naman shanu ta yi tsawo, ga abin da ya fito.

1. Kusan kowa ya yarda abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a zuciya, harshe da naman kumatu: 'ya'yan tsila ne, kuma daga bayan gidan mutum a makiyaya saniya ke ɗaukarsu. Akwai kuma jakar ruwa a huhu ko hanta, wadda daga kashin kare take zuwa.

2. Kan jakar ruwan babu saɓani: kada a jefa wa karnuka huhun da ya lalace a bayan kwata. A ƙone ko a binne da zurfi. Wannan ya fi damuna, domin kullum muna ganin karnuka na jan kayan ciki, daga nan cutar ke komawa kan dabbobi da yaranmu.

3. Masu ilimin dabbobi sun ce gwajin ƙwayar halitta ke bambance nau'o'in tsutsar da ke kawo jakar ruwan: nau'in da ake kira G1 na tumaki, G5 na shanu, G6 na raƙuma. Ido ba ya rabewa.

4. An rabu kan naman mai ƙwayoyi. Wasu mahauta suka ce a yanke wurin a sayar da sauran. Likitoci suka ce in ƙwayoyin sun yawaita a zubar duka, in kaɗan ne a daskarar kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili (-10°C) ko a dafa sosai. Tsire mai ja a ciki bai tsira ba.

5. A ba karnuka Praziquantel, maganin tsutsar ciki, bisa shawarar likita.